Katin hoto mai lagireto: Nawa ne kuɗin shiru?

Na yi niyyar ɗorawa daga inda muka kwana a makon jiya, sai wani al'amari na cikin gida ya sha gabana. Da na duba na ga ba gidanmu kaɗai ya shafa ba, sai na ce gara mu tattauna shi tun da zafinsa.

Makonni uku da suka wuce, bayan sallar isha'i, ɗan ƙanwata ya yi mini sallama fuskarsa ba walwala. Sana'ar yaron nan tace bidiyo da ɗora murya: tallar 'yan kasuwa, shirye-shiryen wayar da kai, wani lokaci har da bidiyon biki. Ɗaki ɗaya yake haya. A nan kwamfutarsa take, a nan makirfonsa yake, a nan kuma yake kwana idan aiki ya rincaɓe. Ya miƙo mini abin sauraro ya ce, "Kawu, don Allah sa wannan a kunnenka." Na sa. Muryarsa ce tangaram yana karanta tallar wani shago, amma a ƙarƙashin muryar akwai wani gurnani da ba ya yankewa, kamar kana bayan motar haya an sauke gilashi a kan babbar hanya. Wanda ya ba shi aikin ya dawo masa da abinsa, kuma karo na biyu ke nan a wata guda.

Ya ce ya gano mai laifin, wato fankar katin hoton da ke cikin kwamfutarsa. Ya kuma gano maganin, domin ya gani a intanet akwai katin da ruwa ke sanyaya shi, wanda a faɗarsa "ko numfashinsa ba a ji". Har wani ya yi masa tayin na hannu. Kuɗin da ya tara ba su kai ba, saboda haka mahaifiyarsa ta yi masa alkawarin kwasar adashenta idan ta zo kanta, da sharaɗin in na amince. Wato dai adashen ƙanwata na wata goma ake shirin zubawa a cikin wani abu da ruwa ke zagayawa a jikinsa, a tsakiyar kayan lantarki. Na ce masa kada a biya ko sisi sai an gwada. Mai kayan ya yarda ya bar mana shi kwana uku, ni na tsaya.

Ga wanda bai saba da abin ba, katin hoto wani allo ne da ake sokawa a cikin akwatin kwamfuta, aikinsa lissafa duk abin da ido zai gani a fuskarta. Masu wasannin kwamfuta ne suka fara raya kasuwarsa, daga baya masu tace fim da masu zanen gine-gine suka shigo, yanzu kuma masu ƙirƙirarriyar basira sun zo suna neman kwashe shi gaba ɗaya. Kamfanoni biyu na Amurka, Nvidia da AMD, su ne suka daɗe suna riƙe da wannan kasuwa. Lokacin da Nvidia ta fitar da GeForce 256 a 1999, 'yar fanka guda ce a kansa, wadda faɗinta bai kai murfin gwangwanin madara ba, kuma ta wadatar. Yau zance ya sauya. Katin RTX 3090 na 2020 yana shan wuta wat 350. RTX 4090 na 2022 yana shan wat 450. RTX 5090 da ya fito a watan Janairun 2025 yana shan wat 575.

Abin lura shi ne, duk wutar da katin ya sha zafi take zama, ba ta da wata mafita. Dutsen guga na gida yakan sha wat 1,000 ko sama da haka, yana kuma baza zafinsa a kan ƙarfen da ya fi tafin hannu faɗi. Shi kuwa babban katin hoto, kusan rabin wannan zafi yake fitarwa, kuma mafi yawansa daga wata 'yar ƙwaya yake fitowa wadda ba ta wuce faɗin kan sarki ba. Idan ba a kwashe zafin nan da gaggawa ba, katin yakan rage wa kansa gudu don ya tsira. Da yawa daga katunan Nvidia sukan fara ja da baya sosai idan suka kai wajejen digiri 83 a ma'aunin Salshiyas. To, ka ji tushen ƙarar. Fanka ba don neman magana take ihu ba, ceton ran katin take yi.

Rigimar ba ta yau ba ce. A 2003 Nvidia ta fitar da wani kati, GeForce FX 5800 Ultra, wanda ƙararsa ta sa masu saye suka riƙa kwatanta shi da injin share ƙura da na hure ganye, har kamfanin da kansa ya yi ɗan bidiyon barkwanci yana yi wa kayansa dariya. Tun daga wancan lokaci ake ja-in-ja tsakanin sanyi da shiru, kowa na neman ya haɗa su a tukunya ɗaya.

Hujjar masu ruwa tana da ƙarfi, kuma ba zan rage mata komai ba. Idan aka auna lita da lita, ruwa yana ɗaukar zafin da ya ninka na iska kusan sau 3,500. Na zauna da biro na yi lissafin a gaban yaron. Don a kwashe zafin wat 450 ba tare da abin da ke ɗaukarsa ya ƙara fiye da digiri 10 ba, ruwan da ake bukata a minti ɗaya bai kai lita ɗaya ba, ledar ruwan sha guda da 'yan kai. Idan kuwa iska za a sa wannan aiki, sai an kora sama da lita 2,000 a kowane minti, wato cikin duro goma sha ɗaya. Da ya ji haka sai ya washe baki ya ce, "Ka gani ko, Kawu!" Na ce masa ya dakata, ba a gama ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban bakanike an buɗe bonet ya san yadda abin yake. Ruwa yana zagaya injin mota ya kwaso zafi, ya kai shi lagireto, fanka ta hura iska ta cikin siraran haƙoran lagireton, sannan ruwan ya koma. Haka katin ruwa yake, babu ragi babu ƙari: farantin jan ƙarfe a manne da ƙwayar, ƙaramin famfo, tiyo biyu, lagireto, da fanka biyu ko uku a jikinsa. Ruwan nan ba ya cinye zafi. Ɗan dako ne, ya ɗauka a nan ya sauke a can. A ƙarshe dai iska ce za ta karɓi kayan, kuma durorin nan goma sha ɗaya sai sun ratsa ta cikin lagireton ko ana so ko ba a so. Ba cinya ba ƙafar baya.

To ina ribar take? Ribar tana cikin fili. A jikin katin wuri ya yi ƙunci, fankokin ƙanana ne, kuma iskar da suke ja ta cikin akwati ce wadda ta riga ta ɗumama. Lagireto kuwa ana iya kafa shi a bakin akwatin inda iskar waje take, a yi shi da tsawon milimita 240 ko 360, a ɗora masa fankoki masu faɗin milimita 120. Babbar fanka tana kora iska mai yawa ba tare da ta yi gudun fitar rai ba, ƙarar fanka kuma a gudunta take. Injiniyoyi suna da ƙa'idar da ta nuna cewa idan aka rage gudun fanka da rabi, ƙararta takan sauka da kimanin desibel 15. Desibel shi ne ma'aunin ƙara, kuma ba a ƙirga shi kamar mudun hatsi: ragin desibel 10 kawai, a kunnen mutum ji yake kamar an raba ƙarar biyu an zubar da rabi. Raɗa ba ta wuce desibel 30, hira ta yau da kullum kuwa wajen 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 1999 cewa kada ƙarar da ke cikin ɗakin kwana da dare ta wuce desibel 30. Ga yaron da ke kwana kusa da kwamfutar da ya bari tana haɗa bidiyo har asuba, wannan ba ƙaramin zance ba ne.

Akwai riba ta biyu wadda ba a cika faɗa ba. Ruwa yana da nawa wajen ɗaukar zafi, saboda haka fankokin lagireto ba sa zabura su lafa, su sake zabura. Kunnen ɗan Adam yakan saba da ƙarar da ta tsaya a wuri ɗaya har ya manta da ita, kamar yadda muke mantawa da fankar silin. Abin da ke hana shi sakat shi ne ƙarar da ke hawa da sauka.

Wani abin dariya kuma, katin da ake kira mai sanyaya kansa da iska shi ma da ruwa a cikinsa. Waɗannan bututun jan ƙarfe da ake gani sun nannaɗe cikin haƙoransa, a liƙe suke, an zuƙe iskar cikinsu an bar ɗan ɗigon ruwa. Ruwan yakan zama tururi a wajen zafi, ya gudu zuwa wajen sanyi ya koma ruwa, ya tsotso ya dawo. Babu famfo, babu abin da ke motsi, babu abin da zai gaji. Ashe tambayar ba ta ruwa ko iska ba ce, tambayar ita ce ko kana son famfo a cikin lissafinka.

Daren farko muka soka katin aro. Yaron ya yi gaggawa ya ajiye lagireton a ƙasan akwati, ƙasa da katin. Muna kunnawa sai muka ji ƙululu-ƙululu, kamar ana ɗura ruwa a gora. Ya zaro ido. Na ce masa iska ce. A cikin kowane irin wannan zagaye akwai 'yar iskar da ta saura, ita kuma iska sama take nema. Idan famfo ne a can ƙololuwa, a cikinsa za ta taru, ya riƙa kurɓarta yana kuka, kuma a hankali ta kashe shi domin ruwan ne man da ke sulɓa shi. Muka kashe, muka ɗaure lagireton a rufin akwatin, muka ɗan jijjiga. Ƙululun ya tafi.

Sannan ya ba katin aiki mai nauyi, bidiyon biki na sa'a guda. A nan kam gani ya kori ji. Tsohon katinsa irin mai fanka guda ne, wadda ke tura iska ta wani siririn lungu kamar zugazugin maƙera, kuma idan ya kama aiki sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Wannan kuwa wani sassanyan huci kawai yake yi. Yaron ya dube ni da irin kallon nan na "ai na faɗa maka". Na yarda, a wannan fage ruwa ya yi nasara, kuma ba ƙaramar nasara ba.

Sai dai ba wannan ne ya kawo mu ba. Aikin da aka dawo masa da shi na murya ne, lokacin ɗaukar murya kuwa katin hoto ba ya wani aikin kirki, zaune yake. Na ce ya rufe ƙofa, ya kunna makirfo, kowa ya yi tsit na minti ɗaya, sannan mu saurara. Gurnanin nan ya tafi, gaskiya ne. Amma wani baƙo ya maye gurbinsa: siririn kuka mai tsini, mara yankewa, tamkar sauro ya sami kunnenka cikin duhu. Famfon ne. Da kunne kawai da ƙyar ake jin sa, amma makirfon ɗaukar murya ba ya yafe irin wannan. An guje wa gara an faɗa gidan zago.

Dalilin a fili yake. Yawancin katunan iska na zamani sukan tsayar da fankokinsu cak idan babu aiki mai nauyi, muddin zafinsu bai haura wajejen digiri 50 zuwa 60 ba. A wannan hali babu abin da ke motsi a jikinsu, shiru na haƙiƙa. Famfo kuwa ba ya samun wannan hutu, domin idan ruwa ya tsaya zafi zai taru a farantin. Saboda haka katin ruwa ya fi shiru a lokacin da ake gumurzu, katin iska mai kyau kuma ya fi shiru a lokacin da ake zaune. Wanda zai saya sai ya tambayi kansa a wane lokaci ne yake bukatar shirun.

Wannan ma ba sabon labari ba ne. A 2014 AMD ta fitar da Radeon R9 295X2, kati mai ƙwaya biyu da ke shan wat 500, kuma da lagiretonsa ya zo daga masana'anta. A watan Yunin 2015 ta sake fitar da R9 Fury X a kan dala 649, shi ma da ruwa. Masu gwaji sun yaba da sanyinsa, amma abin da ya cika musu baki shi ne siririn kukan famfo a rukunin farko da aka sayar, har kamfanin ya fito ya amsa cewa ya san da matsalar kuma an yi gyara. Ma'aunin desibel yana iya cewa ƙarar kaɗan ce, kunne kuma ya ce bai yarda ba, domin ma'auni nauyin ƙara yake aunawa, ba ya auna yadda take ci wa mutum rai.

Akwai kuma wani kukan na uku, irin na gyare, wanda ke fitowa daga wasu ƙananan naɗin waya da ke daidaita wutar katin. Idan wuta mai yawa ta ratsa su sukan yi karkarwa. Ruwa ba ya maganin wannan ko kaɗan. Hasali ma tona masa asiri yake yi, tunda ya kawar da hucin fankar da a da ke rufa masa.

Yanzu bari in zo kan abin da masu gwajin da yaron ke kallo a YouTube ba za su faɗa masa ba, ba don mugunta ba, sai don ba a ƙasarsu matsalar take ba. Su a ɗaki mai digiri 21 ko 22 suke gwajinsu. Lagireto kuwa, komai girmansa, ba zai taɓa sanyaya ruwa ƙasa da zafin iskar da ake hura masa ba. A ce mai gwaji ya nuna katinsa a digiri 55 cikin ɗaki mai digiri 22, abin da ya nuna a gaskiya shi ne tazarar digiri 33. Ka ɗauko katin nan ka kawo shi ɗakin da ke ƙarƙashin kwanon rufi a Kano cikin watan Afrilu, inda zafin waje ke haura digiri 40, na ciki a ce 38, ka ga ka tashi da 71. Fankokin da suka yi ladabi a Jamus sai sun buɗe murya a nan. Masu ƙera famfunan da yawa kuma suna kashedin kada ruwan da kansa ya wuce digiri 60, ka ga ratar da ta rage mana ba ta da yawa.

A nan ne mutanenmu ke ruɗewa, domin mun taso mun ga ruwan randa ya fi iskar ɗaki sanyi, sai mu ɗauka duk inda ruwa ya shiga sanyi ya shiga. Randa sirrinta daban ne. Tsattsafo take yi ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, bushewar ce ke tafiya da zafi. Wannan hikima ce marigayi Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya ɗauka ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Amma randa sai da ta yarda ta yi asarar ruwa take samun sanyi. Zagayen cikin kwamfuta a rufe yake ruf, ba a so ko ɗigo ya fita, don haka ba shi da rabo a wannan baiwa.

Sannan ina zafin yake zuwa bayan ya bar lagireto? Cikin ɗakin. A dare na biyu, bayan sa'a biyu ƙofa a rufe, katin yana cikin ni'ima mu kuwa muna sharce gumi. Babbar kwamfuta mai irin waɗannan manyan katuna tana iya zuba wat 700 ko 800 a ɗaki. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya wajen wat 2,600 na zafi take iya kwashewa, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta a kan kwamfutar zai ƙare. Wanda ke kan sola da inbata ya san ma'anar wannan lissafi, wanda ke kan janareto kuma ya riga ya yi sallama da shiru tun daga bakin ƙofa. Katin ruwa bai rage wat ɗaya daga wannan nauyi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsufa. Ko da babu yoyo, ruwan yana sulalewa kaɗan-kaɗan ta jikin tiyo shekara bayan shekara, kuma zafi yana ƙara wa wannan sulalewa sauri. Yawancin irin waɗannan zagaye farantinsu jan ƙarfe ne, lagiretonsu alminiyom, ƙarafa biyu da ba sa ga-maciji idan ruwa ya haɗa su. Wani sinadari da aka zuba a ruwan ne ke shiga tsakani, shi ma ƙarfinsa yana ƙarewa, daga nan dauɗa ta fara toshe siraran hanyoyin farantin. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda ke cika haƙoran lagireto har su zama kamar bargo. Katin iska ma yana shan ƙura, amma ka duba bambancin ranar mutuwa. Idan fanka ɗaya cikin uku ta tsaya, katin zai ci gaba da ɗingishi, ka je titin Beirut ka nemo wata a sa maka, ko a ɗaure masa fankar akwati da zare ya kai ka ƙarshen aiki. Idan famfo ya tsaya, cikin ɗan ƙanƙanen lokaci katin zai ɗauke, kuma famfon nan an ƙera shi ne don wannan kati kaɗai. Wa zai aiko maka da shi, kuma cikin wata nawa? Wanda ya ba ka aikin bidiyon ɗaurin aurensa ba zai jira jirgin ruwa ba.

Na hannu kuwa sai an ƙara hattara. A watan Satumbar 2022 tsarin kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da katunan hoto wajen haƙarsa, sai katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka malalo kasuwannin duniya da araha. Fanka idan ta gaji ana ji, ana kuma gani. Famfo da ruwan da ke cikin baƙar tiyo ba mai iya leƙa su. Na tambayi mai kayan shekarar katin da irin aikin da ya yi, ya ce shi ma a hannu ya saya.

Kada mai karatu ya ɗauka gaba nake da ruwa. Inda zafi ya fi ƙarfin iska, ruwa ba ado ba ne, dole ne. Tun a 1985 babbar kwamfutar Cray-2 a cikin wani ruwan sinadari aka tsoma kayan cikinta. Manyan rumbunan ƙirƙirarriyar basira na yau ma can suka nufa: kantar GB200 NVL72 da Nvidia ta bayyana a 2024, mai ɗauke da ƙwayoyin hoto 72, tana shan wutar da ta kai kilowat 120, kuma da ruwa ake sanyaya ta. Sai dai su suna da ma'aikatan da ke gadin famfo dare da rana, da wani famfon a ajiye yana jiran ta-kwana. A gida ma, wanda ke haɗa hotuna masu nauyi sa'o'i goma a jere, ko mai son cusa kati biyu a akwati ɗaya, yana da ɗaki mai sanyi, kuma sabo zai saya da garanti, ba zan hana shi ba. Amma ya sani cewa tazarar ta ragu. Katunan iska na yanzu sun zama ƙatti, RTX 4090 na kamfanin Nvidia kansa ya haura kilo 2, kuma da yawansu ba su da hayaniyar kakanninsu. Ƙarin gudun da sanyin ruwa ke bayarwa bai taka kara ya karya ba, ba abin da mai tace bidiyo zai lura da shi a agogonsa ba ne.

Rana ta uku muka mayar wa mai kaya kayansa da godiya. Sannan muka yi abin da ya kamata mu fara yi tun farko. Muka kwance tsohon katin, muka hure ƙurar da na tabbata ta ga hunturu uku, muka goge busasshen man da ke tsakanin ƙwayar da ƙarfen sanyayawa muka shafa sabo. Da wata manhaja ta kyauta mai suna MSI Afterburner muka rage iyakar wutar da katin ke sha zuwa kashi 80 cikin 100, domin ƙarshen gudun nan da ake matsowa daga kowane kati shi ya fi cin wuta da haifar da zafi, kuma rashinsa ba ya wani ciwo. Fankar ta sassauta, amma makirfo bai daina jin ta ba.

Sai na lura da wani ɗan sito da ke manne da ɗakin, inda yake jibge kwalaye. Muka nemi izinin mai gida, aka huda bango daidai shigar babban yatsa biyu. Muka sayo dogayen wayoyi na mita 5, ɗaya ta fuskar kwamfuta, sauran na makirfo da allon rubutu, ba mu wuce haka ba saboda wayar USB ta gama-gari takan fara gardama bayan mita 5. Akwatin kwamfutar ya koma sito, aka ɗora shi a kan benci don ya yi nesa da ƙurar ƙasa, aka buɗe tagar siton aka sa mata raga, domin in an rufe shi a wurin da iska ba ta fita tanda aka gina masa. Muka toshe ramin da soso. Ya kunna makirfo, muka yi tsit na minti ɗaya. Da muka saurara, abin da muka ji kawai shi ne cikina yana ƙugi, don ban ci abincin dare ba. Duk abin da aka kashe bai kai kuɗin buhun shinkafa ba, kuma zafin da ke dafa shi a ɗaki ya bi akwatin ya fita.

Ƙanwata ta kwashi adashenta ranar Juma'ar da ta gabata, ta kuma aiko mini da dambun nama. Shi kuwa yaron bai haƙura ba. Ya ce tsohon katin yana ɓata masa lokaci wajen haɗa bidiyo, kuma a nan yana da gaskiya, sabo zai saya ko ba jima ko ba daɗe. Na ce idan lokacin ya yi ya nemi mai fanka uku wanda ke tsayar da su in babu aiki. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Kawu," irin "to" ɗin da na san akwai magana a bayanta, domin na ga yadda yake shafa tiyon nan ranar da za a mayar da shi.

Shekaranjiya ya kira ni. An karɓi tallar, har an ba shi wata. Sai dai yanzu da ɗakin ya yi tsit, makirfon ya gano cewa maƙwabciyarsa tana tayar da injin markaɗe da ƙarfe bakwai na safe, ba ta kashewa sai azahar ta gabato. Ya mayar da ɗaukar murya bayan isha'i.